AMFANIN ƘIDIDDIGA GA MANOMIN RANI

A watan jiya ne wani malamin gona ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci jawabi a wani ƙauye da ke tsakanin Kura da Bunkure. Maza da mata sun halarta. Akasarinsu manoman rani ne da masu sana'ar shinkafa. Jawabin ya shafi ƙididdiga, wato a ƙirga abu, a rubuta, a kwatanta, sannan a yi aiki da abin da aka gano. Ga abin da ya faɗa, domin amfanin waɗanda ba su sami zuwa ba.

Tambayar Farko

Bayan sallama da gaisuwa, malamin ya fara da tambaya. Ya ce duk wanda ya san buhu nawa ya samu a gonarsa ta shinkafa bara, ya ɗaga hannu. Kusan kowa ya ɗaga. Sai ya ce, to, wanda ya san nawa ya kashe tun daga huɗa har buhu ya shiga gida, shi ma ya ɗaga. Aka yi tsit. Mutum biyu kaɗai suka ɗaga hannu.

Malamin ya ce wannan ita ce matsalar da ta tara jama'a. Manomi ya san abin da ya shigo, amma bai san abin da ya fita ba. Saboda haka bai san ko ya ci riba ko ya faɗi ba. Yana ganin buhuna jibge a ɗaki sai ransa ya yi fari. Alhali wani lokaci rabin buhunan nan na mai bashi ne. Ya ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma manomin da ba ya rubuta lissafinsa a cikin duhu yake noma.

Ƙirga Ba Baƙon Abu Ba Ne

Ya ce kada kalmar ƙididdiga ta ba kowa tsoro. Kakanni sun san ta tun kafin zuwan boko. Suna ƙirga damin gero da na dawa kafin su zuba a rumbu. Da wannan suke sanin ko abincin zai kai su kaka mai zuwa. Makiyayi yakan ƙirga shanunsa da yamma. Fatake sun ƙirga wuri dubu-dubu a kasuwar Kurmi. Uwargida ta san kwano nawa gidanta ke ci a mako.

Abin da ya rage shi ne rubutu. Kai yana mantuwa, takarda ba ta yi. Mutum zai iya tuna farashin taki na bara. Amma na bara waccan fa, da na shekarar da ta gabace ta? In an rubuta, sai a jera shekara uku ko huɗu a duba. A nan ne ake ganin abin da ido bai gani ba. Ya ce wanda ya koyi rubuta 1 zuwa 100, ya iya tarawa da ɗebewa, to ya riga ya mallaki kayan aikin. Saura littafi da fensir.

Ruwan Tiga Da Lissafi Ya Zo

Malamin ya nuna magudanar ruwa da ke bayan ajin. Ya ce ruwan nan da lissafi ya iso garin. Kafin a gina madatsar ruwa ta Tiga, sai da ma'aikata suka auna ruwan sama da na kogin Kano. Suka auna tudu da gangare, suka gwada ƙasa. An gama ginin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. An gina ta don ta riƙe ruwa kusan mita-kubik biliyan 2. Mita-kubik ɗaya lita 1,000 ce, wato jarka 40 mai cin lita 25.

Kashi na farko na aikin noman rani na kogin Kano an tsara shi a kan hekta 22,000, a yankin Kura da Bunkure da Garun Malam. An daɗe ana noma kimanin hekta 15,000 daga ciki. Tun 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Hadejiya da Jama'are, wadda ke kula da madatsar da manyan magudanai.

Ya ce ruwan Tiga ba na wannan yanki kaɗai ba ne. Birnin Kano yana sha daga kogin ta Tamburawa. Manoma da masunta na Hadejiya da Nguru suna jiran nasu. Don haka dole hukuma ta auna abin da ke cikin madatsa bayan damina, sannan ta raba. To, in hukuma tana auna kogi guda, me zai hana manomi auna 'yar gonarsa?

Littafin Gona

Daga nan ya ɗaga wani ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan firamare. Ya ce wannan shi ne ofishin manomi. A raba shafi gida uku. Gida na farko kwanan wata. Na biyu abin da aka yi ko aka saya. Na uku kuɗin da aka kashe. A rubuta a ranar da abin ya faru, kada a bari sai gobe.

Ya rubuta misali a allo. Ya ce lambobin misali ne kawai, domin farashi yana canjawa, kowa ya sa nasa. A ce manomi ya noma shinkafa eka ɗaya:

Iri: N20,000
Huɗa da gyaran ƙasa: N40,000
Dashe: N35,000
Taki buhu 4: N180,000
Maganin ciyawa da feshi: N25,000
Kuɗin ruwa: N10,000
Yanka da bugu: N60,000
Buhuna da dako: N30,000
Jimla: N400,000

A ce ya sami shanshera buhu 16. Ya sayar da kowane buhu N35,000. Kuɗin da ya shigo ya zama N560,000. In an ɗebe N400,000, saura N160,000. Wannan ce ribarsa, ba N560,000 ba.

Malamin ya ce akwai wata lamba da ta fi kowace muhimmanci. A raba N400,000 gida 16. Za a sami N25,000. Ma'ana, kowane buhu ya ci wa manomin N25,000 kafin ya kai shi kasuwa. In dillali ya taya ƙasa da haka, to faɗuwa ce. Manomin da ya san wannan lamba yakan yi ciniki da ƙarfin zuciya. Wanda bai sani ba, duk abin da aka taya sai ya yi ta waige-waige.

Ya kuma tunatar cewa a riƙa rubuta aikin da mutum ya yi da hannunsa da na 'ya'yansa. Ko ba a biya kowa ba, gumi ne aka zubar. A rubuta kwana nawa aka yi. Ta haka mutum zai san ko noman ya biya wahalarsa.

Bashin Taki

A kan wannan misali ne ya kawo maganar bashi. Ya ce wani manomi ba shi da kuɗin taki. Sai ya karɓa a hannun ɗan kasuwa, da sharaɗin kowane buhun taki zai biya da shanshera buhu 2 in an yi girbi. A baki abin kamar da sauƙi. Amma a duba a takarda. Taki buhu 4 ya zama shanshera buhu 8, wato rabin amfanin gonar. Buhu 8 a kan N35,000 ya kama N280,000. Takin kuwa N180,000 ne kuɗinsa. Manomin ya biya ƙarin N100,000. Ribarsa ta sauko daga N160,000 zuwa N60,000.

Ajin ya ɗauki surutu. Malamin ya ce ya san wani lokaci dole ce ke sa mutum cin bashi. Amma ya shiga da idonsa a buɗe. Wanda ya yi wannan lissafi zai iya neman sauƙi, ko ya shiga adashi, ko ya rage girman gonar zuwa abin da zai iya ɗauka.

Haka kuma masu ban ruwa da injin fetur a bakin rafi da fadamu. A ƙarshen watan Mayu na 2023 aka cire tallafin man fetur. Lita ta tashi daga ƙasa da N200 zuwa wajen N500 a 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce haka. Wanda ya san lita nawa injinsa ke sha a kowane ban ruwa, shi ne ya iya gane wace shuka ce za ta fitar da shi, wace ce ba za ta fitar ba.

A San Awo

Malamin ya ce lissafi ba ya yin daidai sai awo ya yi daidai. Mutane da yawa ba su san girman gonarsu ba. Sai ka ji an ce eka biyu ce, alhali ba ta kai ba. A sami igiya mai tsawon mita 10. A auna tsawon gona, a auna faɗinta, a ninka tsawon da faɗin. Gona mai tsawon mita 80 da faɗin mita 50 ta ba da 4,000, wato kusan eka ɗaya. Mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100 ta ba da 10,000, wato hekta ɗaya. Hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce.

Amfanin wannan a fili yake. Malaman gona suna ba da shawarar iri da taki da maganin feshi ne bisa hekta. Wanda bai san girman gonarsa ba, ko dai ya zuba ya yi yawa ya yi asarar kuɗi, ko ya zuba ya gaza ya yi asarar amfani. Kuɗin haya da na tarakta su ma da girman gona ake yanka su.

Sai maganar buhu da kwano da kwando. Buhun taki kilo 50 ne, an rubuta a jikinsa. Amma buhun shanshera fa? Wani ana ɗinke bakinsa daidai, wani ana yi masa toliya. Kwanon wata kasuwa ya fi na wata girma. Kwandon tumatir ma haka. Ya ce kilo shi ne awon da ba ya canjawa daga gari zuwa gari. Ya shawarci kowace ƙungiyar manoma ta haɗa kuɗi ta sayi sikeli nata. Kamfanoni da sikeli suke saye. Kamfanin tumatir na Ɗangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 an gina shi ne don ya iya sarrafa tan 1,200 a rana. Tan ɗaya kilo 1,000 ne. In kwando kilo 50 ne, to kwando 24,000 ke nan. Manomin da zai yi hulɗa da irin wannan wuri, dole ya san nauyin kwandonsa.

Kashi Cikin Ɗari

Ya ce a rediyo ana yawan cewa kashi kaza cikin ɗari. Ga hanya mai sauƙi ta gane shi, wadda kuma za ta tsare wa manomi dukiyarsa. Kafin shuka, a ƙirga ƙwayar iri 100. A nannaɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan mako guda a buɗe a ƙirga waɗanda suka tsiro. In 90 suka tsiro, kashi 90 cikin ɗari ke nan, irin yana da kyau. In 50 ne kawai, rabin irin matacce ne. Sai a canja shi tun kafin a yi asarar huɗa da ruwa. Gwajin nan bai ci ko kwabo ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Lambobin jikin buhun taki su ma kashi cikin ɗari ne. In an rubuta 15-15-15, ana nufin kowane ɗaya daga sinadarai uku na abincin shuka ya ɗauki kashi 15 cikin ɗari. Na farkonsu shi ne mai sa ganye ya yi kore. A buhu mai kilo 50, yawansa kilo 7 da rabi ne. Yuriya kuwa kashi 46 ce ta wannan sinadari kaɗai, wato kilo 23 a buhu. Saboda haka buhu da buhu ba ɗaya ba ne. Kowane da aikinsa da lokacinsa. A karanta lambar kafin a biya kuɗi.

Shekara Ɗaya Ba Ta Ba Da Labari

Malamin ya ce mutum yakan tuna shekarar da ya fi samu, ya manta da sauran. Don haka ake neman matsakaici. A ce gona ta ba da buhu 14 a rani na farko, 18 a na biyu, 16 a na uku. A tara, an sami 48. A raba gida 3, an sami 16. To 16 shi ne matsakaicin gonar. A kansa ya kamata mutum ya gina shirinsa na aurar da 'ya ko cin bashi, kada ya gina a kan 18.

Ya kawo misalin alkama. Alkama tana son sanyin hunturu. Masu bincike, har da na tashar binciken noman rani ta Kadawa da ke ƙarƙashin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, sun daɗe suna cewa a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba. In an makara, zafin Maris yakan same ta tana cika ƙwaya, sai ta ƙanƙance. Ta yaya suka sani? Sun shuka a ranaku daban-daban, shekara da shekaru, suna aunawa suna rubutawa. Manomi ma zai iya. Ya rubuta ranar shuka da abin da ya girba. Bayan shekara uku littafinsa zai zama malaminsa.

Haka kuma Hukumar Hasashen Yanayi ta Ƙasa takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Takan faɗi lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa. Hasashe ne da aka gina a kan awon ruwan sama na shekaru masu yawa. Ba kullum yake cika daidai ba, amma ya fi tafiya da ka.

Tumatir Da Farashinsa

A nan ne malamin ya fi daɗewa. Ya ce kowa a wurin ya san kukan tumatir. Daga Janairu zuwa Maris kowa yana tsinka lokaci guda. Kwanduna su cika Kwanar Gafan, farashi ya faɗi. Wani lokaci kuɗin kwando ba ya biyan masu tsinka da mai mota. In zafi ya tsananta, damina ta kawo kai, tumatir ya yi wuya, farashi ya haura. Wannan yana faruwa kusan kowace shekara. Amma duk da haka akan sake shuka a rana guda, a sake kuka a wata guda.

Ya ce ƙungiya ta sa mutum ɗaya mai rubutu. Kowane mako ya rubuta farashin kwando a kasuwa. In hali ya yi, ya buga waya ya ji na kasuwar Mile 12 ta Legas, ya rubuta gefe guda. Bayan shekara biyu ko uku, takardar za ta nuna makonnin da farashi ke faɗuwa da waɗanda yake tashi. Sai a yi shawara. Wasu su yi dashe da wuri, wasu su ɗan jinkirta. Wasu su raba gona, rabi tumatir, rabi albasa ko masara ko alkama. In farashi ya faɗi ƙasa da abin da aka kashe, a san lokacin da yanka kauɗa ya fi sayar da ɗanye.

Ya tuna wa jama'a shekarar 2016, lokacin da tsutsar tumatir da manoma suka laƙaba wa suna Sharon ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. Gwamnatin Kaduna har dokar ta-ɓaci ta kafa a kan tumatir. Tsutsar ta sake yin ɓarna a 2023. Ya ce akwai tarko mai jawo ƙwaron da ke haifar tsutsar. In an kafa shi a gona, a riƙa ƙirga ƙwarin da suka faɗa kowace safiya. In jiya 3 ne, yau 10, gobe 30, to Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ma wadda ba za ta yi ba. A hanzarta sanar da malamin gona da maƙwabta. Wanda bai ƙirga ba, sai ganye ya ƙone sannan zai farga.

Rigimar Ruwa

Malamin ya ce babu ranin da ba a samun saɓani tsakanin na bakin magudana da na ƙarshenta. Na ƙarshe suna cewa ruwa ba ya isowa. Na farko suna cewa yana wucewa. Kowa da rantsuwarsa. A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING, wanda a ƙarƙashinsa aka gyara magudanai a wannan yanki, aka kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Ya ce gyaran zai ɗore ne in ƙungiyoyin suna riƙe da littafi.

A rubuta ranar da ruwa ya iso kowane layi, da awa nawa ya yi. A rubuta wanda ya biya kuɗin ruwa da wanda bai biya ba. A rubuta ranar da aka yi gayyar yashe magudana da cire kacala, da waɗanda suka fito. In wakilai suka je ofis suka ce ba ma samun ruwa, za a ce an ji. Amma in suka ce a kwana 30 sau 4 kawai ruwa ya iso layinmu, ga takarda, to magana ta yi nauyi. Gani ya kori ji.

Mata Ba A Bar Su A Baya Ba

Ya juya wajen mata. Ya ce Kura ta yi suna a sana'ar shinkafa, kuma mata ne ƙashin bayan turara ta. Mace ta rubuta kuɗin buhun shanshera, da na itace, da na ruwa, da na inji, da na dako. Sannan ta ƙirga kwano nawa ya fito. Akasari shanshera takan ba da kusan kashi biyu cikin uku na nauyinta bayan an cashe. In wani iri yana ba da kwano da yawa fiye da wani, ko wani inji yana yawan karya ƙwaya, littafi zai nuna.

Ya ƙara da cewa katin awon jariri da na rigakafi su ma ƙididdiga ce. In nauyin yaro bai ƙaru ba wata biyu a jere, kati zai faɗa tun kafin ido ya gani. A adana shi kamar yadda ake adana takardar gona.

In Ma'aikatan Ƙidaya Sun Zo

Malamin ya ce ya san dalilin da ya sa dattawa ke tsoron ƙidaya. A da, in an ƙirga mutum haraji ne ke biyowa, in an ƙirga saniya jangali ne. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, amma tsoron bai gama fita ba.

Ya ce ƙidayar 1991 ta sami mutum kusan miliyan 89 a Nijeriya. Ta 2006 ta sami miliyan 140, Jihar Kano kuma sama da miliyan 9. A lokacin Ƙaramar Hukumar Kura tana da mutum sama da 140,000, Bunkure sama da 170,000. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. A 2022 kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi ƙidayar manoma, ta sami gidaje kimanin miliyan 40 masu aikin gona. Da irin waɗannan lambobi ake tsara makarantu da asibitoci da rabon iri da taki. Garin da ya ɓoye mutanensa ya rage wa kansa rabo. Wanda ya ƙara na ƙarya kuma ya ɓata shirin kowa. A duba katin shaidar ma'aikaci, a tabbatar mai unguwa ya san da zuwansa, sannan a faɗi gaskiya.

A Yi Hattara

Ya gargaɗi jama'a cewa ba kowace lamba ce gaskiya ba. Mai talla zai ce irinsa yana ba da buhu 40 a eka. Wani saƙo zai shigo waya da manyan lambobi. Kafin a yarda, a yi tambaya uku. Wa ya ƙirga? Yaushe, kuma a ina? Da wane awo? In gona ɗaya ce aka gwada a shekara ɗaya, to bai isa hujja ba. In an kawo sabon iri, a gwada shi a ɗan gefen gona, kusa da tsohon, a yi musu hidima iri ɗaya, a auna kowanne dabam. Abin da sikeli ya nuna shi za a bi.

Tambayoyi

Wani dattijo ya miƙe ya ce: "Malam, mu mun taso ana cewa yawan ƙirga yana kore albarka. Yaya ke nan?"

Malamin ya ce: "Baba, Allah Ya ƙara girma. Albarka ta Allah ce, babu mai ja. Amma zakkar hatsi ma sai da awo take fita. Sai amfani ya kai nisabi, wato sa'i 300. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma. Abin da aka shayar da wahala da kashe kuɗi, ɗaya cikin ashirin. Wanda bai auna ba, ta yaya zai san haƙƙin da ke kansa? Game da hukuncin gonar da ke shan ruwan magudana kuwa, a tambayi malaman addini na gari, su ne masu fatawa." Dattijon ya gyaɗa kai ya zauna.

Wata mata ta ce: "Malam, ni ban daɗe da shiga aji ba. Hannuna bai faɗa ba tukuna."

Ya ce: "Inna, fara da abin da kika iya. Zana buhu, ki rubuta lamba a gabansa. Zana itace, ki rubuta kuɗinsa. In kin kakare, malamar aji tana nan, 'yarki 'yar makaranta ma tana nan. Sannu ba ta hana zuwa."

Rufewa

A ƙarshe malamin ya bar wa kowa aiki huɗu kafin zama na gaba. Na ɗaya, a sayi littafi da fensir. Na biyu, a auna gona da igiya a rubuta girmanta. Na uku, a gwada ƙwayar iri 100. Na huɗu, a fara rubuta duk abin da aka kashe daga ranar. Ya ce bayan girbi kowa ya zo da littafinsa, a zauna a duba tare, a ga wanda buhunsa ya fi sauƙin kuɗi, a tambaye shi yadda ya yi.

Aka yi addu'ar samun rani mai albarka da zaman lafiya, taro ya tashi.